Yadda hannuna na dama ya koma aiki bayan shanyewar ɓarin jiki

A Fagge na tashi, a gidan teloli. Mahaifina ɗinki yake yi, ni kuwa tun ina ƙarami hankalina ya fi karkata ga keken fiye da yadin. Kafin in gama sakandare ni nake kwance kekunan shagon in wanke su da kananzir in mayar, a haka har na zama mai gyaran kekunan ɗinki da na surfani. Sana'a ce ta kan yatsu: saita tsayin allura, daidaita ƙoshiya, ɗaure ƙananan notina da sukudireba. Duka da hannun dama ake yin su, kuma da shi na ciyar da iyalina.

Ina da hawan jini, kamar yadda mahaifina ya yi fama da shi. Wata safiya cikin hunturu, bayan na haura shekara 50, na zo ɗaukar buta sai hannun ya ƙi rufewa a kanta. Uwargida ta ce bakina ya karkace, maganata kuma ba ta fita daidai. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna gudan jini ne ya toshe wata jijiya a ɓangaren hagu, shi ya sa ɓarin dama ya shanye, domin kowane ɓangare na ƙwaƙwalwa ɗaya ɓarin jikin yake sarrafawa. Duk wanda ya ga waɗannan alamu a jikin wani, karkacewar baki, mutuwar hannu, sarƙewar magana, to asibitin da ke da na'urar hoton ƙwaƙwalwa zai nufa da shi nan take. Allurar narkar da gudan jini awa 4 da rabi ne wa'adinta daga lokacin da alamun suka fara, kuma ba a yin ta sai hoto ya tabbatar ba fashewar jijiya ba ce. Addu'a da tofi a yi su a cikin mota. Kada a ɗura masa ruwa ko koko kafin a gwada haɗiyarsa, don yana iya shaƙewa abin ya faɗa huhu.

Ƙafa ta riga hannu dawowa, kuma haka aka fi gani. Magana ma ta daidaita sannu a hankali. Hannun ne ya rage yana lilo a gefena, ba ya jin kira. Akwai dalilin da ya sa hannu yake jinkiri, ban da raunin da ke ƙwaƙwalwa: ƙafa dole ce, duk sanda ka miƙe sai ta ɗauki nauyi, amma hannu yana da madadi. Kana gwada na dama ya ƙi, sai na hagu ya karɓi aikin, ƙwaƙwalwa kuma ta saba da rashin neman wancan. Bayan 'yan watanni, ko da wani ƙarfi ya fara dawowa, ba a amfani da shi.

Abin da ya fi yi mini ciwo ba rashin shago ba ne. Cin abinci da hagu ne, da miƙa hagu a karɓi abu, da tsayawa bayan sallah mutane na miƙo hannu ina tallafo na dama da na hagu in ba su. Malaminmu ya ce mini lalura ce, babu laifi a kaina, na kuma san haka ne, amma zuciya ba ta ji ba. Na daina fita majalisa. Na koma cin abinci ni kaɗai a ɗaki. Ina faɗin wannan ne domin kusan mutum 1 cikin 3 da suka yi wannan ciwo suna faɗawa cikin ciwon damuwa, kuma yana da magani. Wanda damuwa ta danne ba ya iya atisaye, don haka a gaya wa likita, kada a bar shi a kan cewa ai rashin tawakkali ne.

A Kano na fara gashi, wato atisayen motsa gaɓoɓi na asibiti, kuma abin da aka fara koya wa iyalina shi ne kare kafaɗa. Idan tsokokin kafaɗa suka saki, nauyin hannu yana janyo kan ƙashin damtse ya sauko daga gurbinsa, har a iya sa yatsa ɗaya ko biyu a ramin da ya bari. Daga nan ciwo ke farawa, kuma kafaɗa mai ciwo ba ta karɓar atisaye, da na'ura ko babu. Dokokin su ne: ba a ɗaga marar lafiya ta hanyar jan hannun ko riƙo ta hammata, a ƙugu ake tallafa masa. Idan yana zaune, hannun yana kan matashi ko tebur, ba a bari ya yi lilo. Idan zai kwanta ta ɓarin da ya shanye, a fara turo allon kafaɗar gaba don kada ya danne kan gaɓar. Ba a ɗaga hannun ya wuce saitin kafaɗa sai an juya tafin sama, kuma wanda ya iya yana tafiyar da allon kafaɗar tare da shi. Wajen sa riga, hannun da ya shanye shi ke fara shiga, shi ke fita a ƙarshe. Igiyar nan da ake ratayawa a saman ƙofa ana jan hannu sama da ita, an hana ni, domin tana fizgar gaɓar da ba ta da mai tsaronta. Haka nan matsa mai ƙarfi irin ta masu ɗori da gashi da ruwan zafi: ba karaya ba ce, kuma fatar da ba ta ji sosai tana ƙonewa mai ita bai sani ba.

Abu biyu likitan gashin yake dubawa kullum: ko zan iya buɗe damtse daga jikina zuwa gefe, da ko yatsu za su ɗan miƙe. Waɗannan biyun, idan suka bayyana a kwana 3 na farko, alama ce mai ƙarfi cewa hannu zai dawo da amfani. Nawa kafaɗar ta fara motsi da wuri, yatsun suka yi shiru. Sannan sakin ya fara komawa ƙagewa: gwiwar hannu ta lanƙwashe, yatsu suka dunƙule cikin tafi. Akwai gwajin da ake kira Fugl-Meyer, wanda cikakken makin hannu a cikinsa 66 ne. Nawa bai kai kashi ɗaya cikin uku ba.

A nan ne maganar fita waje ta taso. Yayana ya ji labarin cibiyoyi a Indiya da ke gyaran hannu da na'urar robot, ya ce a sayar da filina na bayan gari. Na kwana da yawa ina juya abin, domin filin nan na yara ne. Amma an gaya mini wata 3 zuwa 6 na farko su ne lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi saurin buɗe sababbin hanyoyi, kuma ina ganin lokacin yana wucewa. Na tambayi likitan gashina, yaro ne sa'ar ɗana na fari. Ya ce, “Baba, na'urar ba ta zuba wa hannu komai. Maimaici take bayarwa mai yawa, ta kuma ɗauke maka nauyin hannun. In ka je, ka lura da yadda take yi, domin aikin gaske sai ka dawo.” Na yi istihara, na amince aka sayar, na tafi Indiya.

Na'ura ta farko da aka ɗora ni irin wadda aka fara ƙerawa ce a jami'ar MIT ta Amurka a ƙarshen shekarun 1980, mai suna MIT-Manus. Kana zaune a kujera, an ɗaure ƙirjinka da bel. Sangalin hannu yana kwance cikin wani kwaroron roba, tafi kuma an ɗaure shi a kan mariƙi, mariƙin yana jikin wani hannun ƙarfe mai gaɓa biyu da moto biyu. A gabanka akwai allon kwamfuta: ɗigo ɗaya a tsakiya, 8 sun kewaye shi. Ɗaya zai haska, kai kuma ka tura mariƙin zuwa gare shi ka dawo tsakiya. Duk motsin a shimfiɗe yake, ba ɗagawa, saboda haka kafaɗa da gwiwar hannu ne ke aiki ba tare da sun yi kokawa da nauyi ba.

A matsayina na mai gyaran inji, abin da ya burge ni shi ne laushinta. Idan ka tura da kanka, ba ta tare maka hanya. Idan ka kasa tashi cikin 'yan daƙiƙu, sai ta ɗauke ka a hankali. Idan ka karkace, ka ji kamar bango mai taushi yana mayar da kai kan layi. Tana auna ƙarfin da ka sa da saurinka da karkacewarka, kuma idan ka inganta sai a rage taimakon, kamar yadda malamin allo ke riƙe hannun yaro yana rubutu, yana sassautawa har ya sake shi. A zama guda na awa 1 ana iya yin motsi sama da 1,000. Wani bincike da aka yi a asibitocin Amurka da Kanada a 2009 ya gano cewa a zaman gashi na yau da kullum, matsakaicin motsin aiki da hannu yake samu 32 ne kacal. Wannan tazarar ita ce babbar hujjar na'urar, domin ƙwaƙwalwa da maimaici take koyo.

Ta biyu ba ta da moto ko ɗaya. Ƙarafa ne da ake ɗaura wa hannu daga kafaɗa zuwa wuyan hannu, da sifirin a ciki, irin Armeo Spring ta ƙasar Suwizalan. Ana murɗa sifirin har ya ɗauke nauyin hannun daidai gwargwado, sai ka ga hannun da ba ya tashi daga cinya yana yawo a iska da ɗan ƙarfin da ya rage masa. Ranar da na fara ganin haka hawaye sun zubo mini, domin a ranar na tabbatar hannun bai mutu ba, nauyinsa ne ya fi ƙarfinsa. Kowane mako ana sassauta sifirin kaɗan, kana ƙara ɗaukar kayanka.

Yanzu ga inda abin ke lalacewa, kuma na ga kowanne da idona a ɗakin na'urorin. Na farko, lalaci na jiki wanda ba da gangan ba: da zarar ƙwaƙwalwa ta gane na'ura za ta kai hannun, sai ta rage nata ƙoƙarin. Mutum zai yi motsi 1,000, allon ya nuna an gama, alhali shi fasinja ne. Maganinsa a rage taimako zuwa inda kake cin nasara mafi yawan lokaci amma da gumi, kuma mai kula ya riƙa duba adadin ƙarfin da kai ka sa, ba adadin motsin kaɗai ba. Na biyu, satar hanya: maimakon gwiwar hannu ta miƙe, sai ka sunkuyo da ƙirji gaba ko ka ɗage kafaɗa zuwa kunne. Dalilin bel ɗin ke nan, kuma idan ya yi sako-sako aikin banza ake yi. Na uku, saiti. Idan gaɓar ƙarfen ba ta zo daidai da gaɓar jikinka ba, ko kujerar ta yi tsawo ko gajarta, to kowane motsi yana murɗa kafaɗa, kuma ciwon sai dare zai fito. A auna tsayin kujera da tsawon damtse da na sangali a rubuta, a maimaita su a kowane zama. Na huɗu, gogewar fata a ƙarƙashin maɗauri, wanda mai raunin ji ba zai sani ba sai an kwance an duba. Na biyar, gajiya: idan ta yi yawa ƙagewa tana ƙaruwa, mutum ya fara riƙe numfashi yana yunƙuri, jini ya hau. Ana auna jini kafin a fara, ana hutawa tsakanin zagaye.

Na shida shi ne mafi girma. Makina a kan allo ya yi ta hawa, kafaɗa da gwiwar hannu sun samu ƙarfi, amma da na koma masauki har yanzu ba na iya ɗaukar kofi. Hannu yana isa wurin kofin, yatsu ba sa buɗewa. Abin da ka koya wa jiki shi yake iyawa. Tura mariƙi a shimfiɗe ba shi ne kai cokali baki ba.

Shi ya sa ba a barin na'ura ita kaɗai. Tsarin zaman da ya yi mini amfani shi ne: minti 10 na miƙar da tsokokin da suka ƙage a hankali, ana riƙe kowace miƙa kamar daƙiƙa 30 ba tare da fizga ba, sai minti 30 zuwa 45 a kan na'ura, sai nan take, tun hannun yana da ɗumi, minti 20 zuwa 30 na aikin gaske a kan tebur: tura kofi, share tebur da tsumma, danne takarda, jawo faranti.

Ga yatsun kuma aka haɗa da lantarki. Ana manna faifan roba biyu a bayan sangalin hannu, ɗaya kusa da gwiwar hannu a kan naman da ke ɗaga wuyan hannu, ɗaya ƙasa da shi wajen wuyan hannun. Ƙaramar na'ura mai batir tana aika bugu kamar 35 a daƙiƙa, ya tashi a hankali cikin daƙiƙa 2, ya tsaya kamar daƙiƙa 10, ya huta 10 zuwa 20. Ana ƙara ƙarfin har wuyan hannu ya ɗago yatsu su buɗe, ba tare da zafi ba. Sirrinsa shi ne kada ka zauna kana kallo. Lokacin da wutar ta taso kai ma ka yi niyyar buɗe hannun, da wani abu a gabanka da za ka kama, idan ta ɗauke sai ka riƙe shi. Idan faifan ya karkata gefe, hannun zai goce gefe maimakon ya ɗago, sai a matsar da shi kaɗan-kaɗan. Idan ɗankonsa ya bushe yana cizon fata. Mai batirin zuciya a ƙirji, da mai farfaɗiyar da ba ta lafa ba, da mai rauni a fatar wurin, ba a sa musu.

Da ƙagewar yatsun ta hana ci gaba, sai aka yi mini allurar botulinum a tsokokin da ke dunƙule su. Tana fara aiki cikin mako 1 zuwa 2, ta gushe wajen wata 3. Ba ta ƙara ƙarfi ko kaɗan, sassauta mai ja take yi don mai buɗewa ya samu sarari. Wanda aka yi wa ita ya koma gida ya zauna, bayan wata 3 hannun zai koma yadda yake, kuɗin sun tafi.

Madubi shi ne mafi arha a cikinsu duka, kuma da farko ban ɗauke shi da muhimmanci ba. Ana tsayar da shi a kan tebur daidai tsakiyar ƙirji, fuskarsa tana kallon lafiyayyen hannu, marar lafiyar yana ɓoye a bayansa. A cire agogo da zobe. Kana buɗe lafiyayyen kana rufewa a hankali, idonka a kan hoton da ke cikin madubin, sai ƙwaƙwalwa ta ga kamar wancan hannun ne ke motsi, kai kuma kana ƙoƙarin bin sa da na ɓoyen. Minti 15 zuwa 30 a rana, a ɗakin da ba hayaniya. Idan jiri ya taso a dakata. Ya fi dacewa da hannun da yatsunsa ba su fara motsi ba, domin ba ya buƙatar ƙarfi.

Na dawo Kano da kafaɗa mai ƙarfi, da gwiwar hannu mai miƙewa, da yatsu da suka fara ɗan buɗewa. Wannan ɗan buɗewar shi ya ba ni damar shiga abin da ya fi komai canza rayuwata, wato ɗaure lafiyayyen hannu. Sharaɗinsa wuyan hannu ya iya ɗagowa aƙalla digiri 10, babban yatsa da wasu yatsu biyu su ma su iya miƙewa digiri 10. Wanda bai kai nan ba, ɗaure masa hannu azaba ce kawai. A babban gwajin da aka yi a Amurka a kan mutum 222, aka wallafa a 2006, ana sa safa mai kauri a lafiyayyen hannu kashi 90 cikin 100 na lokacin farke, da atisayen awa 6 a rana, tsawon mako 2. Ni sassauƙan aka ɗora ni a kai: safa awa 5 a rana, kwana 5 a mako, har mako 10. Uwargida ce ta ɗinka safar da soso a ciki. Ana cire ta wajen shiga banɗaki, da alwala, da hawa bene, da duk inda za a iya faɗuwa. Makon farko abinci ya fi zuba a tabarma fiye da shiga baki, na kuma yi fushin da ban san ina da shi ba. Uwargida takan ce, “Malam, ci a hankali, ba inda za mu.” Da cokali mai kaurin mariƙi muka fara, an naɗe shi da tsumma, da abinci mai kama jiki irin dambu da fate mai kauri kafin shinkafa.

Abin da na koya daga na'urar na kwaikwaya a gida, da shawarar likitan gashina. Tebur mai santsi, tawul a ƙarƙashin hannu don ya zame, alama 8 da salatif kewaye da ta tsakiya, zani ɗaure da ƙirjina a jikin kujera. Ƙirga da carbi, ɗana yana ja. Burin shi ne motsi 300 a rana, a raba uku: bayan asuba, bayan la'asar, bayan isha'i. Idan aiki ya yi sauƙi a ƙara masa wuya ta hanya ɗaya kawai a lokaci guda, ko nisa, ko nauyi, ko ƙanƙanta. Daga kofin roba zuwa na silba, daga buta babu ruwa zuwa rabi, daga murfin jarka zuwa kwarkwaron keke zuwa ƙwayar wake. Don dawo da ji, ana binne makulli da maɓalli da noti a cikin kwanon gero, in rufe ido in lalubo in faɗi sunan abin.

Safar hannu mai iska da ake sayarwa a intanet, wadda famfo ke hura ta tana buɗe yatsu tana rufewa, mutane da yawa suna tambayata a kanta. Na yi amfani da ita. Tana taimakawa wajen hana gaɓoɓi sandarewa, musamman idan tana da safa ta biyu da ake sawa a lafiyayyen hannu wancan ya kwaikwaya. Amma ita ce ke yin motsin, kuma idan kana kallon talabijin tana yi, ƙwaƙwalwa ba ta koyon komai. A zaɓi girman da ya dace, a fara da ƙaramin ƙarfi, minti 15 zuwa 20, a duba fata bayan an cire. Yatsun da suka ƙage ƙam ko suke da kumburi da zafi, kada a sa musu sai likita ya gani.

Daga baya na nemi a karanta mini abin da manyan gwaje-gwaje suka nuna. A 2010, a asibitocin tsofaffin sojojin Amurka, an gwada mutum 127 da suka haura wata 6 da ciwon. Waɗanda na'ura ta yi wa da waɗanda mutum ya yi wa atisaye mai yawa daidai da nata, sakamakonsu bai bambanta ba. A 2019 kuma, a Birtaniya, gwajin RATULS ya ɗauki mutum 770, minti 45 sau 3 a mako har mako 12, kuma na'urar ba ta fi kulawar da aka saba ba wajen dawo da amfanin hannu bayan wata 3. Wannan ya yi daidai da abin da na gani a jikina. Ga hannun da ya yi rauni ƙwarai, wanda ba ya iya ɗaukar nauyin kansa, na'urar tana buɗe ƙofar atisaye, tana kuma nuna maka ci gabanka a lamba a lokacin da ido ba ya ganinsa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga zuciyar da ta karaya. Wanda yake da hali, ya yi. Amma idan wani ya zo mini yau yana shirin sayar da gidan da yake ciki don ita, zan ce masa ya riƙe gidansa, ya sa abin da yake da shi a kan zuwa gashi ba fashi, da magani, da wanda zai zauna da shi yana ƙirga masa. Asibitin Malam Aminu Kano, da na ƙashi na Dala, da na Murtala duk suna da sashen gashi. Abin da ya kamata ka tambayi mai yi maka shi ne: motsi nawa zan yi a gida kullum, wane aiki muke nufa a wannan watan, kuma da me za mu auna?

Na koma shago. Manyan notina ina kwance su da dama, sukudireba mai kaurin mariƙi nake amfani da ita. Saitin allura da ƙoshiya, wanda ke buƙatar babban yatsa da manuni su yi aiki a tare da sauri, da hagu nake yi, ko in tsaya a kan yarona ina gaya masa. Ina cin abinci da dama, ina musafaha da dama. Da sanyi yatsun suna ƙara tauri, sai na ɗumama su na miƙar da su kafin in taɓa aiki, ruwan kuma da hagu nake gwada zafinsa. Binciken SIREN da aka yi a Najeriya da Gana, aka wallafa a 2018, ya danganta kusan kashi 90 cikin 100 na wannan ciwo a yankinmu da hawan jini, kuma wanda ya yi sau ɗaya yana cikin haɗarin na biyu. Don haka akwai na'urar awon jini a gidana, ina aunawa a hannun hagu in rubuta a littafi in kai wa likita, ba na tsallake magani ko na ji garau, an kuma rage gishiri da dunƙule a tukunyar gidan gaba ɗaya. Aikin da muke kai yanzu da likitan gashina shi ne ɓalle maɓallin wuyan riga da hannu ɗaya, kuma mun fara da manyan maɓallai da aka ɗinka a jikin wani ƙyalle.